Amsa: Me ya sa zuba link a Facebook bai ɗaga shafina a Google ba?

Malam, ka ce kullum kana watsa link ɗin shagonka na Kasuwar Bacci a Facebook amma Google ko gezau. Ai haka abin yake, yawancin link na soshiyal midiya suna ɗauke da alamar nofollow ne, Google ya fito da ita tun 2005 saboda masu cika shafuka da shara, wato Facebook na cewa ni dai ban tsaya wa wannan link ba, shi ya sa Google bai cika ƙirga shi wajen ɗaga shafi ba. Kuma duk abin da sai an yi login ake gani, kamar rufaffen group, manhajar Google mai yawo tana karanta shafuka ba ta shiga, ga kuma robots.txt, fayil ɗin da shafi ke faɗa wa manhajar inda ba za ta shiga ba, da ke tare mata wasu ƙofofin. Kar ka daina dai, kwastoma na shigowa ta nan. Amma ka nemi wani shafin labarai na Kaduna ya sa link ɗinka, kuma ka yi rajista a Search Console, wurin da Google ke nuna maka yadda shafinka ke fitowa a bincike, kyauta ne.