Homon ya sauka, adirinal ya ƙara girma

Ka ce ɓerayen da muka yi ta yi wa allurar maganin metirafon kotikosteron ɗinsu, wato homon da jikin ɓera ke fitarwa in ya shiga wahala, ya faɗi, amma ƙullin adirinal da ke saman ƙodarsu ya fi na sauran nauyi, kana tambaya ko sikeli ne ya lalace. Sikeli lafiyarsa ƙalau, ɗana.

Metirafon yana toshe sinadarin 11-beta haidiroksiles, wanda shi ke ƙarasa haɗa kotikosteron a cikin ƙullin. Da homon ya yi ƙaranci a jini, ƙwaƙwalwa ta ji shiru, sai ƙullin fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ya dinga kwararo ACTH, homon da ke ingiza adirinal ya yi aiki. Kamar mai jaki ne da ke ta tsula wa jakinsa bulala bai san an dabaibaye shi ba. Adirinal ya yi ta fama, ya girma, abin da bai ƙarasa haɗawa ba, wato diyoksikotikosteron, ya taru a jini. Da deksametason muka ba su, maganin da ke kwaikwayon homon, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka homon ya wadata, ACTH ya sauka, ƙullin adirinal ya motse. A duka biyun kotikosteron ƙasa yake, ACTH da nauyin ƙulli ne za su nuna maka inda maganin ya taɓa.

Ni yadda kake kama ɓerayen da ɗibar jininsu ya fi damuna. Ɓera dabbar dare ce, homon ɗinsa yana ƙasa da safe, ya kai ƙololuwa dab da kashe fitila, don haka lokaci ɗaya za ka riƙa ɗibar jini kullum. Daga taɓa keji zuwa ɗibar jinin kada ya wuce minti 3, in ya wuce, tsoron da ka ba shi kake aunawa. Ɓerayen kwatanci, waɗanda ba a ba maganin ba, su ma a yi musu allurar ruwan gishiri, su sha kamu iri ɗaya. Tun 1936 Hans Selye ya nuna a Montreal cewa wahala kowace iri ce tana kumbura adirinal ɗin ɓera.

Af, kada ka yi odar kayan gwajin kotisol, wannan homon na mutum ne, na ɓera kotikosteron ne.

Gobe in ka ciro ƙullin, cire kitsen da ke manne da shi tsaf da hantsaki, ka ɗora a sikeli nan take tun bai bushe ba, ka kwatanta nauyinsa da nauyin jikin ɓeran. Ƙullin mata ya fi na maza girma, kada ka haɗa su a lissafi ɗaya.