Amsa: Ban da Mbappe, wa Bondy ta fitar?

Malam, ka tambaya ko garin Bondy ya fitar da wani sananne ban da Kylian Mbappe. Ai kuwa da dama. Da farko dai, ba a can aka haifi Mbappe ba: a cikin Paris aka haife shi a 1998, a Bondy ya tashi. Garin yana gefen Paris ta arewa maso gabas, cikin yankin Seine-Saint-Denis, inda 'yan asalin Afirka suka yi yawa.

Wanda ya fi burge ni shi ne William Saliba, mai tsaron bayan Arsenal. Shi haifaffen Bondy ne, a 2001, mahaifiyarsa 'yar Kamaru. Abin sha'awa, mahaifin Mbappe, Wilfried, wanda shi ma asalinsa Kamaru ne, ya horar da shi yana yaro a ƙungiyar AS Bondy. Ka ga hannu ɗaya ne ya reni su biyun.

Sai Randal Kolo Muani, shi ma a can aka haife shi a 1998. Kada dai ka tuna wa Faransawa ƙwallon da Martinez, mai tsaron gidan Ajantina, ya tare masa dab da tashi a wasan ƙarshe na kofin duniya na 2022, har yanzu tana yi musu ciwo. Akwai kuma Jonathan Ikone.

Ba 'yan ƙwallo kaɗai ba ne. Marubuci Andre Malraux, ministan al'adun Faransa a zamanin Shugaba De Gaulle daga 1959 zuwa 1969, a Bondy ya yi ƙuruciyarsa.