Wace ce Hajiya Bilkisu Yusuf, kuma me ta tsaya a kai?

Malama, kin tambaya ko fafutikar da marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta yi wa mata ta saɓa wa addini. A fahimtata, sam ba haka ba ne.

An haife ta a 1952, ta karanci kimiyyar siyasa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Ta riƙe muƙamin editan jaridar Sunday Triumph a Kano, sannan New Nigerian a Kaduna, a zamanin da da ƙyar za ki ga mace a ɗakin labarai a Arewa, balle a kujerar edita. Tana cikin waɗanda suka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a 1985. Abin da ta fi naci a kai shi ne ilimin 'ya'ya mata da rage mutuwar mata wajen haihuwa, kuma daga cikin Musulunci take ɗauko hujjarta. Ta rasu a turmutsitsin Mina a 2015, tana aikin Hajji.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a jingina mata ra'ayin da aka tsinto a Facebook. In bincike kike yi, ki karanta sharhinta na Daily Trust da kanki, sannan ki tuntuɓi malaman aikin jarida su nuna miki inda tsoffin jaridun suke.