Tambaya da Amsa: Raba Girawun a Allon Lantarki

Tambaya: Malam, na haɗa allo mai ADC (na'urar da ke juya siginar analog, mai hawa da sauka, zuwa lambobin dijital), amma karatunsa sai rawa yake yi. In raba girawun (shimfiɗar tagullar da wuta ke bi ta koma tushenta) na analog da na dijital?

Amsa: Kada ka yi gaggawar yanka tagullar. Wutar sigina mai sauri tana komawa ne ta shimfiɗar girawun da ke daidai ƙarƙashin layinta. In ka tsaga shimfiɗar, layi kuma ya haye tsagar, dole wutar ta yi dogon zagaye, zagayen nan ne ke ɗauko hayaniya yana watsa ta kamar eriya.

Bar girawun ɗaya, ka ware kayan analog gefe, na dijital gefe. Sa kafasita (ƙaramar na'ura mai ajiye caji don daidaita wuta) mai 100 nF dab da kowace ƙafar wuta ta ADC ɗin. In rabawar ta zama dole, haɗa su a wuri ɗaya tak, ƙarƙashin ADC, kada wani layi ya ƙetare tsagar.