Me ya sa sikila ba ta tashi sai jariri ya doshi wata shida?

Tambaya: An gwada jaririna an ce SS ne, amma wata uku ke nan lafiyarsa ƙalau. Likita ta ce jinin jarirai ne ke kare shi, kuma zai ƙare. Me ke kawar da shi, kuma ba a iya dawo da shi?

Amsa: Malama, Allah ya raya. Abin da likita take nufi shi ne himogulobin F, wato nau'in sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini wanda ɗan tayi ke amfani da shi a ciki. Shi ba ya dunƙulewa ya lanƙwasa jajayen ƙwayoyin jini kamar himogulobin S na masu sikila, har ma yakan hana S ɗin dunƙulewa.

Ƙwayar gadon da ke samar da F tana nan har tsufa, rufe ta kawai jiki ke yi. Bayan haihuwa, wani furotin mai suna BCL11A yakan zauna a bakin ƙwayar, ya jawo wasu furotin su naɗe zaren DNA na wurin tamau yadda ba zai karantu ba. Daga nan F ke raguwa, S ke ƙaruwa. Shi ya sa kumburin hannu da ƙafa kan fara wajen wata shida.

Dabarar masana ita ce su rufe mai rufewar. A maganin Casgevy, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, ana tace ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a yanka wani ɗan guntun DNA da CRISPR (wata fasahar gyara ƙwayoyin gado), guntun da ke kunna BCL11A a jajayen ƙwayoyi kaɗai. Ba a lalata BCL11A baki ɗaya, domin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki na buƙatarsa. Kafin a mayar da ƙwayoyin, sai an share tsohon ɓargo da wani magani mai ƙarfi da ake kira busulfan, kuma nan haɗarin yake: garkuwa kan faɗi na makonni, sannan yana iya jawo rashin haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, don haka ko batunsa bai taso ba ga yawancin iyalanmu.

Abin da ke kusa da ke shi ne haidiroksiyuriya, maganin sha da ke ƙara F, wanda akan iya fara ba yaro daga wata tara. Yana iya rage fararen ƙwayoyin jini, saboda haka likita ce za ta auna shi da nauyin yaron, tana bin sa da gwajin jini. Kada ki jira ciwo ya tashi, ki kai shi asibitin masu sikila tun yanzu.