Zan Iya Yi Wa Marayu Wasiyya Da Gidana?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, na yi ritaya shekara 6 ke nan. Ina da gida biyu a Katsina, ɗaya ina ciki, ɗaya na zuba 'yan haya. 'Ya'yana huɗu, kowa Allah ya rufa masa asiri. Akwai wata ƙungiya a unguwarmu mai riƙon marayu, tun ina aiki nake kai musu buhun gero duk azumi. So nake in bar musu gidan hayar bayan raina, amma babban ɗana ya ce haramun ne, wai tauye magada zan yi.
Wata uwa daga Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya karɓi wannan niyya. Ba haramun ba ne, sai dai akwai iyaka, watakila ita ɗanki ya jiyo bai ji ƙarshen zancen ba. A shekarar Hajjin Bankwana Sa'ad bn Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka, ya nemi Annabi (SAW) ya yarje masa ya bayar da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi. Ya ce rabi, aka hana. Da ya ce sulusi sai aka yarda, tare da jan kunne cewa sulusin ma da yawa.

To ga yadda lissafin yake. Ranar da ta Allah ta kasance, za a fara cire kuɗin likkafani da jana'iza, a biya bashi, sannan a fitar da wasiyya daga sulusin abin da ya rage. A ce duk abin da kika bari ya kai naira miliyan 30 bayan bashi, to ikonki miliyan 10 ne. Idan gidan hayar ya kai miliyan 13, ukun da ta hau sai magada sun amince. Ki nemo wanda ya san farashin gidaje ya yi wa duka biyun kuɗi, kada ki yi kirdado.

Abin da ya fi damuna, Hajiya, shi ne rubutu. Na taɓa zama a wani rabon gado inda takardar mamaci ta ce kawai "a ba marayu". Waɗanne marayun? Ƙungiyoyi biyu suka zo, magada suka noƙe, gidan ya yi shekaru a kulle har rufin ya rufta. Saboda haka ki rubuta cikakken sunan ƙungiyar yadda yake a takardar rajistarta ta CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi), da lambar gidan, da ko sayarwa za a yi ko kuɗin haya za a riƙa ci. In na biyun kike so, hubusi ke nan, wato waƙafi, ki faɗi wanda zai kula da shi. Ki kuma ambaci inda gidan zai koma idan ƙungiyar ta watse. Shaidu biyu adilai waɗanda ba magada ba su sa hannu, kwafi ɗaya ya zauna wurin lauya ko malamin da kika amince da shi. Muddin kina raye, kina da ikon canza ta.

Sannan ki tara yaran nan huɗu ki karanta musu da bakinki. Babban nasu kuwa, ki ɗauke shi ku je tare ranar da za ki kai geron bana, ya ga yaran da idonsa.