Ina mazaɓar Burrinjuck ta shiga?

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ya sa ba ka ga Burrinjuck a jerin mazaɓun majalisar jihar New South Wales ta Ostareliya ba. Ai an soke ta tun 2015, bayan sake shata iyakoki.

Mazaɓar karkara ce, ƙasar makiyayan tumaki, an kafa ta a 1950, ta ci sunan madatsar ruwan Burrinjuck da ke kan kogin Murrumbidgee. Abin da ya fi burge ni, Billy Sheahan na jam'iyyar Leba ya riƙe kujerar har 1973, ɗansa Terry ya gaje shi har 1988, kamar sarauta! Katrina Hodgkinson ce wakiliya ta ƙarshe, daga nan ta koma sabuwar mazaɓar Cootamundra.